Amsa kan shafin da ya daina sabunta kansa bayan an ɗaga webpack

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka tare da fayil ɗin package.json, wato jerin ƙunshin manhajojin da aikin ya dogara da su, wanda ka liƙa a ƙarƙashinta. Idan na fahimce ka daidai, kana gina manhajar da ƙungiyar manoman riɗi ta ƙauyenku a yankin Gumel za ta riƙa rubuta buhunan da kowane mamba ya kawo, kuma aikin ka gaje shi ne daga hannun wani abokinka a kan webpack 4, wato manhajar da ke tattara fayilolin shafi ta haɗa su wuri guda domin burauza. Da ka saka Node 20, wato manhajar da webpack ke gudana a kanta, sai ginin ya tsaya da saƙon ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED, aka ba ka shawarar ɗaga webpack zuwa na 5, ginin ya dawo, amma yanzu ko ka gyara fayil ka adana, shafin da ke burauza ba ya motsi sai ka sabunta shi da hannunka. Ka kuma ce ka yi ta goge node_modules, foldar da ake sauke ƙunshin a ciki, kana sake saukewa har datarka ta kusa ƙarewa. Abin da zan fara roƙonka shi ne ka dakata da wannan gogewar, domin matsalarka ba ta cikin abin da aka sauke, tana cikin sigogin da ka haɗa wuri guda, kuma ko sau nawa ka sauke su, su ɗin dai za su dawo maka.

Saƙon farko da ka gani yana da asali sananne. Tun daga Node 17, wanda ya fito a watan Oktoba na 2021, aka koma amfani da OpenSSL 3, wato ƙunshin lissafin tsaro da Node ke dogaro da shi, shi kuwa ya rufe tsohuwar hanyar lissafi da ake kira MD4, wadda webpack 4 ke dogaro da ita wajen samar wa fayiloli lambar tantancewa. Saboda haka kusan duk wanda ya ɗora webpack 4 a kan Node 18 ko 20 zai ci karo da wannan bango. Wasu suna tsallake shi da NODE_OPTIONS=--openssl-legacy-provider, wasu kuma suna komawa Node 16, sai dai shi Node 16 an daina kula da tsaronsa tun 11 ga Satumba, 2023, don haka ba wurin zama ba ne. Shawarar ɗaga webpack da aka ba ka ba ta da laifi, domin daga siga ta 5.61 ya daina neman MD4 a wurin OpenSSL. Inda aka bar ka a rabin hanya shi ne ba a gaya maka cewa webpack ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Dubi fayil ɗinka da kyau: webpack yana kan na 5, webpack-cli yana kan na 4, amma webpack-dev-server, wato sabar da ke nuna maka shafin a lokacin aiki, har yanzu yana kan na 3. Wannan kamar a ɗaure bijimi da maraƙi ne a karkiya ɗaya. Garma za ta ja, amma kunyar ba za ta miƙe ba. Ga yadda abin yake faruwa a ciki. Sabuntawar kai tsaye tana buƙatar sabar ta cusa wani ɗan rubutu a cikin abin da take aika wa burauza, shi ne yake buɗe layin magana tsakaninsu, ta yadda da zarar an gama sabon gini sabar za ta yi wa shafin sallama ya sabunta kansa. Shi webpack-dev-server 3 ba ya cusa wannan rubutun sai ya duba target, wato saitin da ke faɗin inda ginin zai yi aiki, ya ga abin da ya sani, kamar web. To, webpack 5, wanda ya fito a Oktoban 2020, idan ya tarar da browserslist, wato jerin burauzojin da shafin zai yi aiki a kansu, a cikin aikinka sai ya mayar da target ɗin ya zama browserslist ba tare da ya tambaye ka ba, kalmar da tsohuwar sabar ba ta taɓa ji ba. Sai ta yi shiru, ba ta cusa komai ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Na ga browserslist a ƙasan fayil ɗinka, shi ya sa nake da ƙarfin zato cewa nan ne ciwon yake.

Amma kada ka karɓi zatona ba tare da gwaji ba, domin na sha ganin alamomi iri ɗaya suna fitowa daga dalilai mabambanta. Ka jera allon umarni da burauza gefe da gefe, ka canza kalma ɗaya a wani fayil, ka adana, sannan ka zuba wa allon umarni ido. Idan ka ga ya motsa ya rubuta cewa ya sake gini cikin nasara, to mai gadin fayiloli, wato sashen da ke lura da duk canjin da ka adana, yana aikinsa, laifin yana tsakanin sabar da burauza. Sai ka danna F12, ka shiga Console. A siga ta 3, idan komai lafiya, za ka ga layi mai farawa da WDS yana sanar da kai cewa sabuntawa tana aiki, a ɓangaren Network kuma za ka ga ana magana da sockjs-node. Idan babu ko ɗaya daga cikinsu, zatona ya tabbata. Wannan gwajin ba ya cin ko kwabo na data, kuma shi ne yake raba matsalar gida biyu, don haka nake fara sa duk wanda ya kawo mini irin wannan kuka ya yi shi kafin ya taɓa komai.

Idan ya tabbata, hanyoyi biyu ne a gabanka. Ta kusa ita ce ka rubuta target: 'web' a cikin webpack.config.js na lokacin aiki, ka kashe sabar ka sake tayar da ita. Ka bar na ginin ƙarshe a kan browserslist saboda tsofaffin wayoyin da mambobin ƙungiya ke riƙe da su. Ta dindindin kuwa ita ce ka ɗaga webpack-dev-server zuwa na 4, wanda ya fito a Agustan 2021 kuma ya san harshen webpack 5. A nan ka shirya wa wasu sauye-sauye: contentBase ya koma static, hot, wato saitin sabuntawar kai tsaye, yana kunne da kansa, layin magana ya koma WebSocket a kan /ws, kuma sabar za ta ƙi tashi idan ta ga tsohon suna a cikin saituttukanka, za ta dai faɗa maka wanda ba ta gane ba. Umarnin da ke cikin scripts kuma ya zama webpack serve. Idan ka zarce zuwa siga ta 5, ka sani proxy dole ya zama jeri, ba tsohon fasalinsa ba. Ni a ganina ka yi gyaran kusa yau, domin kaka ta gabato kuma ƙungiya tana jiran manhajar, sannan ka ware ranar da kake da wuta da sabis mai ƙarfi ka yi na dindindin a wani reshe na Git daban.

Idan kuwa allon umarni bai motsa ba sam bayan ka adana, to labarin ya sauya, mai gadin fayilolin ne bai ji ba. Ba ka faɗi irin kwamfutar da kake aiki da ita ba. In Windows ce kuma kana tayar da aikin ta cikin WSL2, wato Linux ɗin da ke gudana a cikin Windows, alhali foldar tana ƙarƙashin /mnt/c, to sanarwar canjin fayil ba ta tsallakawa daga Windows zuwa Linux. Maganin da na fi yarda da shi shi ne ka kwashe aikin gaba ɗaya ka mayar cikin gidan Linux, wato ƙarƙashin /home, inda ginin ma zai fi sauri. Akwai watchOptions mai ɗauke da poll: 1000, wanda ke sa webpack ya riƙa leƙa fayiloli duk daƙiƙa ɗaya, kuma yana aiki, amma ga mu da muke cajin kwamfuta da sola ko a shagon mai janareta, wannan leƙe-leƙen yana shan batir yana dumama inji, in ya zama dole, ka sa ignored a kan node_modules. In Linux ce zalla kuma ka ga ENOSPC, ba wai faifanka ya cika ba ne, adadin fayilolin da inotify, mai gadin fayiloli na Linux, ke iya gadi ne ya ƙare, sai ka ɗaga fs.inotify.max_user_watches, mutane da yawa suna sa 524288.

Bari in daɗe kaɗan a kan batun data da wuta, domin su ne suke mayar da ƙaramar matsala babba a wajenmu. Wani yaro da nake koya wa aiki a nan kusa da mu ya taɓa kawo mini kwamfutarsa ta hannu yana cewa npm, mai sauke ƙunshin, ya ƙi sauke komai, yana ta kukan takardar shaidar tsaro. Da na dubi kusurwar allon sai na ga kwanan watan ya koma shekaru baya, saboda ƙaramin batirin agogon da ke cikin injin ya mutu, kuma duk lokacin da cajin ya ƙare ƙurmus sai agogon ya ɓace. Gyara kwanan wata kawai muka yi, saukewa ta kama. Haka nan idan kwamfuta ta mutu ana tsakiyar npm install, node_modules yana iya zama rabi da rabi, ya riƙa fitar da saƙonnin da ba su da kai ba su da gindi. A irin wannan hali ne kaɗai sake saukewa ke da amfani, kuma da npm ci --prefer-offline ake yi, domin yana bin package-lock.json sau da ƙafa, yana kuma fara ɗaukar abin da ka riga ka sauke daga ma'ajiyar npm kafin ya taɓa datarka. Shi package-lock.json kada ka sake ka goge shi, ko da wani ya ce maka hakan zai warware ERESOLVE. Wannan saƙon, tun daga npm 7, yana faɗa maka ne a fili waɗanne ƙunshi biyu ne ba su jitu ba; ka karanta shi a tsanake maimakon ka toshe masa baki da --legacy-peer-deps. Sannan kada ka karɓi node_modules a filashi daga kwamfutar da ba irin taka ba, saboda ƙunshi irin su node-sass da esbuild suna ɗauke da sassan da aka gina wa takamaiman inji. Na ga node-sass a jerinka. An daina bunƙasa shi tun 2020 kuma kowace sigarsa tana manne da wasu sigogin Node, ka musanya shi da sass.

Na ga wasu 'yan'uwa sun ce ka watsar da komai ka koma Vite, wata manhaja mai aiki irin na webpack. Ina amfani da shi, kuma a sabon aiki shi zan zaɓa, amma ba zai raba ka da duba sigogi ba: Vite 7 yana neman Node 20.19 ko 22.12 zuwa sama, kuma matsalar /mnt/c tana nan a can ma. Ƙaura a tsakiyar aikin da mutane ke jira tana ƙara maka abubuwan da ba ka sani ba ne a kan wanda kake fama da shi. Abin da zai fi yi maka amfani yanzu shi ne ka saka nvm, mai sauya sigogin Node, ko nvm-windows in Windows kake, ka rubuta sigar Node ɗinka a .nvmrc da kuma engines na package.json, ta yadda abokinka da duk wanda zai karɓi aikin a bayanka za su tashi a kan siga ɗaya. Kuma duk lokacin da za ka ɗaga wani abu, ka ɗaga guda ɗaya, ka gwada, ka ajiye a Git, sannan ka wuce na gaba.

In ka yi gwajin da gyaran nan shafin bai motsa ba, ka turo mana abin da node -v ya nuna, da sakamakon npm ls webpack webpack-cli webpack-dev-server, da sashen devServer na saituttukanka, da kuma abin da Console ya rubuta a lokacin da ka adana fayil. Ka kwafo su a rubuce maimakon hoto, don masu ƙarancin data su iya buɗewa su taya mu dubawa. Allah ya ba da sa'a, ya kuma sa albarka a aikin.