Tambaya da Amsa: Ruwa da iskar da gonaki ke fitarwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne a kusa da Marwa, ƙasar Kamaru. An kawo mana wata manhajar kwamfuta mai lissafa iskar ɗumama duniya da ƙasa ke fitarwa. Na shigar da gonakin dawa biyu, ɗaya a jigawa ɗaya a kwari, taki daidai wa daida, sai ta ba ni amsa ɗaya. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Ba haka ba ne a ƙasa. Da alama manhajar taka tana bin ƙa'idar da IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fitar a 2006, wadda ta ce kashi 1 cikin 100 na naitrojin ɗin taki yana tashi a matsayin iskar N2O, ɗaya daga cikin iskokin da ke ɗumama duniya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitrojin kilo 23. Buhu huɗu a hekta ke nan kilo 92, wanda zai ba ka N2O kusan kilo ɗaya da rabi (N2O ya fi naitrojin ɗin da ke cikinsa nauyi). Kada ka raina shi, kowane kilo yana ɗumama duniya kamar kilo 273 na CO2, iskar da ƙona mai da itace ke fitarwa. Wannan lissafi ya isa ga rahoton ƙasa baki ɗaya, amma bai san ruwa ba.

Ƙananan halittun ƙasa sun fi fitar da N2O idan ruwa ya cike sama da kashi 60 cikin 100 na kafofin ƙasa, iska ta fara ƙaranci. Jigawa takan tsane da wuri. Kwari kuwa yana riƙe jiƙa kwanaki, ga kuma takin da ruwa ya wanko masa daga tudu. Manhajoji irin DNDC da DayCent suna bin wannan kullum-kullum, sai dai ruwan da ke sauka ƙasa tsaye suke lissafawa. Wanda ke gangarowa daga gefe sai an haɗa su da manhajar kwararar ruwa irin SWAT.

Abin da za ka tanada: ruwan sama na kowace rana daga ma'aunin da ke gonar, zafin rana da na dare, yawan laka da yashi, nauyin busasshiyar ƙasa, da ranar zuba taki. Jimillar wata ba ta da amfani, domin milimita 60 a dare ɗaya daban yake da milimita 60 a mako biyu. A kula sosai da ƙasar karal da ake dasa masakwa: da rani takan tsage har hannu ya shige, ruwan fari ya zurare ta tsagar ba tare da ya jiƙa sama ba. Manhajar da ba a gyara mata wannan ba za ta yi kuskure tun daga farkon damina, lokacin da N2O ya fi tashi.

Ka gwada amsarta da awo. A kafa gindin akwati a ƙasa, a rufe, a zuƙi iskar cikinsa da sirinji, don a auna N2O, a minti 0, 10, 20 da 30, da hantsi, musamman kwanakin da ke bin taki ko ruwa.

Tambaya: Mu manoman shinkafa ne a Yagwa, filayen SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnatin Kamaru. An ce mu riƙa barin fili ya tsane. Ba za mu yi asara ba?

Amsa: Ruwan da ya kwanta kullum shi ke haifar da iskar metan mai ɗumama duniya, balle in an binne ɗanyen karan shinkafa dab da dashe. A kafa bututun roba mai huji-huji, tsawon santimita 30, rabinsa a ƙasa. Idan ruwa ya sauka santimita 15 ƙarƙashin ƙasa, a sake ban ruwa. Lokacin fitar fure kada a bari ya tsane ko kaɗan, nan ake asara. Kuma kada a zuba yuriya ana shirin tsanewa, don N2O zai tashi ya cinye wani ɓangare na ribar rage metan.