Ƙanwata tana jin ƙauri, sai ta ɗauke wuta: aljani ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata shekararta 19. Tun bara, tana cikin aiki sai ta ce tana jin ƙaurin roba, tsoro ya kama ta, ta ƙura ido wuri guda tana tauna baki, tana jan bakin zaninta. Bayan minti ɗaya ko biyu ta dawo, ba ta tuna komai. Yanzu ga mantuwa, ga yawan kuka. A asibiti an ba ta carbamazepine, amma wani mai magani ya ce aljani ne ya aure ta, a daina ƙwayar. Wallahi mun rasa yadda za mu yi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ban gan ta ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama sosai da farfaɗiyar da ke tasowa daga ɓangaren ƙwaƙwalwa na saitin kunne. Can ne ma'ajiyar tunawa take, maƙwabtan juna da cibiyar tsoro da ta jin wari. Shi ya sa ƙaurin da fargabar suke riga ɗauke wutar zuwa. Mantuwar ma daga nan take, kukan kuma a duba shi, don ciwon damuwa yana yawan rakiyar wannan larura. Sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wahalar haihuwa ko buguwar kai a haɗarin babur duk suna iya barin tabon da ke haddasa ta.

Yanzu ga abin da yake ƙona mini rai. Mutanenmu sun ɗauka in mutum bai faɗi yana shure-shure da kumfa ba, to ba farfaɗiya ba ce. Kusan kullum sai an kawo mini yarinya da sawun bulala a gadon baya, idanu jajur da hayaƙin da aka turara mata, wai ana korar baƙo. Mai maganin ya tofa, bayan minti biyu ta farfaɗo, a ce ai ga shi ya fita. To ko ba a tofa ba za ta farfaɗo, haka ciwon yake! Ba na hana addu'a, ni ma ina yi. Amma wanda ya ce a yanke ƙwayar nan farat ɗaya, da ran yarinyar yake wasa, domin yankewar tana iya jawo jijjiga mai jere da ba ta tsayawa, kuma tana kisa. Ranar da hakan ta faru ba za ki gan shi a ɗakin gaggawa ba, ya riga ya karɓi kuɗinsa da zakaransa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da tashin ciwon in sun samu maganin da ya dace.

In ta riga ta daina sha, ku koma wurin likitanta gobe-goben nan, ya tsara yadda za ta ci gaba. Ku nemi gwajin EEG, mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, kuma ko EEG ya fito lafiya bai wanke ta ba. Kada ta yi girki ko ɗiban ruwa a rijiya ita kaɗai. Jijjigar da ta wuce minti 5, sai asibiti. In maganar aure ta taso a sanar da likita, don carbamazepine yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Sannan in abin ya sake tashi, ki ɗauke ta bidiyo da wayarki, ki tafi da shi ranar ganin likita.