Tambaya da Amsa: Shin allurar ƙyanda ce ta jawo wa ɗana otizim?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara biyu. Tun bayan da aka yi masa allurar ƙyanda ta biyu ya daina waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya haɗa ido da mutane, kuma 'yan kalmomin da ya fara faɗa sun ɓace. Likita ya ce yana zargin larurar otizim, wato larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, surukata kuwa ta dage cewa allurar ce sanadi. Ƙanwarsa ta kusa cika wata tara, shin in kai ta rigakafi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Ki kai ƙanwarsa a yi mata allurar a kan lokaci, domin binciken masana bai samu wata alaƙa tsakanin rigakafin ƙyanda da otizim ba.

Wannan zargi ya samo asali ne daga Ingila a shekarar 1998, lokacin da wani likita mai suna Andrew Wakefield ya wallafa rahoto a mujallar The Lancet a kan yara 12 kacal, yana danganta larurar da allurar MMR, wato rigakafin ƙyanda da aka haɗa da na wasu cututtuka biyu. Daga baya aka gano cewa ya murɗe bayanan yaran, kuma ya karɓi kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirin kai kamfanonin rigakafi ƙara. A 2010 mujallar ta janye rahoton, hukumar likitocin Birtaniya kuma ta soke lasisinsa. Wani bincike da aka yi a Denmak, wanda aka wallafa a 2019, ya bibiyi yara fiye da 650,000, ya kuma tarar cewa waɗanda aka yi wa allurar ba su fi sauran samun larurar ba.

Abin da kika gani da idonki gaskiya ne, kuma ba na raina shi. Sai dai alamomin otizim sukan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, wato daidai lokacin da ake yin allura ta biyu a wata 15, shi ya sa iyaye da dama suke ɗora laifin a kanta. Larurar tana da nasaba mai ƙarfi da gado, kuma tana somawa tun ƙwaƙwalwa na ginuwa a cikin mahaifa.

Allurar kan kawo zazzaɓi ko 'yan ƙuraje bayan mako ɗaya zuwa biyu, su wuce da kansu. Baƙon dauro kuwa, wato ƙyandar kanta, yana makantar da yara, yana kawo ciwon huhu da kumburin ƙwaƙwalwa, yana kuma kisa, musamman ga yaron da ke fama da tamowa.

Shi kuma yayan, ki nemi a fara gwada masa ji, saboda matsalar kunne kan yi kama da wannan, sannan a haɗa ku da masu koyar da magana tun yana ƙarami. Idan da hali, ki lallashi surukarki ta raka ki asibiti ranar rigakafi, ta yi wa ma'aikatan lafiya tambayoyinta da bakinta.