Kawu, Wai Fim Ɗin Daka Ya Mutu Tare da Bruce Lee?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni mai gyaran waya ne a Farm Centre, shekarata 23, kuma bayan ƙwallo ba abin da nake so kamar fim ɗin daka. John Wick na huɗu sau bakwai na kalle shi. Matsalata maigidana ne. Da ya gan ni ina kallo sai ya ce wai fim ya ƙare tun ranar da Bruce Lee ya mutu, na yanzu kwamfuta ce ke yin faɗan. Mun yi musu har mun gaji, muka ce kai za ka raba gardama. Sannan ka gaya min waɗanda ke tafe da ya kamata in zuba wa ido.
Mai gyaran waya, Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Ka gaida maigidan naka, ka ce masa daga jin maganarsa na san tare muka sha layin tikiti a Plaza ko El-Dorado, lokacin da silima ba ta da rufi, sai an jira duhu ya yi kafin a haska majigi. Har yau akwai tabo a bayan kunnena na hagu saboda Bruce Lee. Ƙotar fartanya na yanka biyu, na haɗa da guntun sarƙar keke, na shiga bayan gida ina juyawa ina ihu irin nasa. A juyi na uku sandar ta same ni. Da na shigo jini na zuba, tsohuwa ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta ƙara min da ranƙwashi a ɗaya gefen.

Don haka ba zan raina Bruce Lee ba. Amma ka tambayi maigida fim nawa mutumin ya yi. Waɗanda ya kammala yana babban jarumi a shekarunsa na tashe huɗu ne kacal, daga 1971 zuwa 1973, kuma ya rasu ranar 20 ga Yulin 1973 a Hong Kong yana da shekara 32, kafin ma a fara haska Enter the Dragon. Bayan rasuwarsa masu shirya fim suka yi ta kwaso masu kama da shi, wannan Bruce Li, wancan Bruce Le, a yi musu aski iri ɗaya a sa su share hanci da babban yatsa. Da yawa daga abin da muka yi wa tafi a silima da sunan Bruce Lee jabu ne, ba mu sani ba. Ashe algus ya girmi kwamfuta.

Inda maigidanka ya yi gaskiya shi ne akwai abin da ya lalace. Sai dai ya kama ɓarawon da ba shi ba. Babban mai laifin almakashi ne, wato yadda ake yayyanka hoto wajen tacewa. Gobe idan kasuwa ta lafa, ɗauko kowane fim ka zo wurin faɗa, ka ƙirga sau nawa hoto ke canzawa. A Taken 3 akwai wurin da Liam Neeson ke tsallake shinge ɗaya tak, an yanka hoton fiye da sau goma cikin 'yan daƙiƙu. Me ya sa? Don a ɓoye cewa dattijon ba shi ya tsallaka ba. Haka ake yi wa naushi: a nuna maka hannu ya taso, a yanka, a nuna fuska ta juya, a girgiza kyamara, a sa ƙara mai ƙarfi. Kunnenka ya ji duka, idonka bai ga komai ba.

Yanzu koma kan Jackie Chan a Police Story na 1985. Kyamara na can nesa a tsaye, kana ganin mutum daga kai har ƙafa, kana ganin inda ya taso da inda zai faɗi. A ƙarshen fim ɗin, cikin wani katafaren kanti, ya daka tsalle daga bene ya kama wani dogon ƙarfe da aka naɗe da ƙananan fitilu, ya sulale ƙasa ƙwayaye na fashewa a jikinsa, ya faɗa ta cikin gilashi. Tafukan hannunsa sun ƙone. Sau uku aka nuna wannan sulalewar a jere, ta kusurwa daban-daban, kamar ana cewa duba da kyau, shi ne, ba wani ba. Ana cikin ɗaukar Armour of God kuma ya faɗo daga bishiya a Yugoslabiya, ƙoƙon kansa ya tsage, sai da aka yi masa tiyata. Shi ya sa mu ba ma tashi idan fim ɗinsa ya ƙare, muna jiran wurin da ake nuna kurakurai, ana ɗauke shi a makara yana ɗaga wa mutane hannu.

To irin wannan aikin bai mutu ba, ƙaura ya yi ta yi. A 2003 ya ɓulla a Tailan, inda Tony Jaa ya yi Ong-Bak ba igiya ba dabara, gwiwa da gwiwar hannu kawai. A 2011 ya ɓulla a Indunisiya da The Raid, fim ɗin da kuɗin da aka kashe masa bai wuce dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, kusan duka a cikin bene ɗaya, da salon faɗansu na gargajiya da suke kira silat. Idan maigidanka ya kalli wannan bai gyara zama ba, ni zan biya kuɗin turin.

Shi kuwa John Wick ɗin naka, ka san abin da ya sa yake shiga ranka? Daraktansa, Chad Stahelski, ɗan kasada ne tun asali, shi ne ya riƙa shiga wuraren haɗari a madadin Keanu Reeves, jarumin John Wick ɗin, a The Matrix. Wanda ya sha faɗuwa da jikinsa ba zai yarda a ɓoye faɗuwa ba. Lura da yadda harsashi ke ƙare wa jarumin, ya tsaya ya canza gidan harsashi ana kawo masa duka. Mu a zamanin Kwamando bindiga ba ta ƙarewa, akta ya kashe bataliya guda ko hularsa ba ta karkace ba, kuma mun ji daɗin abinmu. Amma wurin matattakalar nan ta Faris mai hawa 222, inda ya yi ta fama har ya kai sama, aka sa ƙafa aka hankaɗo shi ya gangaro har ƙasa, ni da furfurata sai da na ce wayyo. Mutum ne mai jini ya yi wannan gangarowar. Kuma gajiyar da ka gani a fuskar jarumin lokacin da ya ɗaga kai ya sake kallon matattakalar, ita ce abin da Bruce na jabu bai taɓa iya yi ba.

Tom Cruise ma, duk abin da za a ce a kansa, ba matsoraci ba ne. A fim ɗin Mission: Impossible na 2015 an ɗaure shi a jikin jirgin soja ta waje, jirgin ya tashi da shi, sau takwas aka maimaita. Kwamfuta ta yi aiki a nan, ita ta goge igiyar da ta riƙe shi. Wannan amfani da kwamfuta ban ga laifinsa ba. A na 2018 ya karya idon sawu yana tsallake tsakanin benaye a Landan, ya ja jiki ya miƙe yana ɗingishi, kuma wannan ɗaukar ce aka bari a fim ɗin.

Batun masu zuwa, ga shawarata: kada tallan fim ya ruɗe ka. Minti biyu ne aka tsince daga awa biyu, kamar mai lemo da ya jera manya a saman kwando. Duba sunan darakta da wanda ya tsara faɗan. A watan Afrilun 2025 an sanar da John Wick na biyar, da Keanu da Stahelski duka. Zan kalla, amma da ɗar-ɗar, don mutumin da muka ga kabarinsa a na huɗu sai an yi mana bayani mai gamsarwa, ga shi Keanu an haife shi tun 1964, gwiwa ba ta ƙarya. Wanda na fi ɗoki shi ne na Caine, makahon nan na John Wick na huɗu, domin Donnie Yen da ya fito a Caine ɗin shi da kansa zai ba da umarni, kuma wanda ya kalli Ip Man ya san hannun mutumin. Wani abin farin ciki, a watan Afrilun 2025 ɗin dai masu ba da kyautar Oscar suka sanar cewa daga bikinsu na 100 a 2028 za a fara ba masu tsara kasada kyautarsu ta kansu. Kusan shekara ɗari ana karya ƙashi wani na karɓar tafi.

Hukunci: maigida ya ci rabi, kai ka ci rabi, amma tunda shi ne babba, kai za ka sayi shayin.

Tambaya: Kawu ina wuni. Ni finafinan kudancin Indiya nake so, musamman masu fassarar Hausa. Maigidana kullum dariya yake min, wai jarumi ya naushi mutum ɗaya goma su tashi sama, wannan ai rainin hankali ne. Me zan ce masa?
Uwargida daga Maraɗi

Amsa: Lafiya lau 'yata. Ki tambaye shi ko ya taɓa jin kirarin ɗan tauri ko na mafarauci ya tsayar da shi ya ce kawo shaida. Da Ɗan Anace yake wasa Shago a fagen dambe, ba wanda ya je da ma'auni. Waɗannan finafinan kirari ne aka mayar hoto, ba su taɓa cewa gaskiya suke nunawa ba. A Baahubali na biyu sojoji sun tanƙwaro dogayen bishiyoyi sun harba kansu ta saman ganuwa, kowa ya san ba zai yiwu ba, amma darakta Rajamouli ya shirya miki zuciya tun da wuri har kina so ya yiwu. Shi ne mutumin da ya bar duniya tana jiran amsar tambaya ɗaya daga 2015 har 2017: me ya sa Kattappa ya kashe ubangidansa? Abin da zan yarda da maigidanki a kai shi ne masu kwaikwayo sun yi yawa, jarumi ya yi minti biyar yana saukowa daga mota ana busa masa iska a gashi, labari kuwa babu. Ki ajiye ido kan sabon aikin Rajamouli da Mahesh Babu mai suna Varanasi, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kenya, an sa 2027 za a sake shi. Kafin nan ki kunna masa RRR, wurin da aka buɗe babbar mota namun daji suka yo waje. Kada ki ce masa komai, ki riƙa satar kallon fuskarsa.

Tambaya: Malam, yarona ɗan shekara tara ya dame ni sai na tura masa The Raid, wai abokansa duk sun gani. In bar shi?
Wani uba daga Zariya

Amsa: A'a Alhaji. Na yaba fim ɗin a sama, amma na manya ne, akwai yanka da jini da ni kaina nake kawar da kai. John Wick ma haka. Nema masa The Karate Kid na 2010 wanda Jackie Chan ya fito a malamin yaro, ku kalla tare. Kuma ka ɓoye fartanyar gidan.