Tambaya da Amsa: Na haɗa ƙyallaye sun fito ba tsari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ni tela ce a Zariya, ƙyallayen atamfa da shadda sun tarar min buhu guda, sai na ga a shafin hotuna na Pinterest ana haɗa su a yi abin ado na ratayewa a bango irin wanda Turawa ke cewa kwilt, na gwada nawa amma wallahi da na gama ido ma baya samun wajen tsayawa. Kala ce ta yi yawa ko me?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba yawan kala ba ne, ƙarfinsu ne ya zo ɗaya. Atamfa dama kowace da bakinta take zuwa, in kika jera ja da ruwan ɗorawa da kore shar duk masu zanen fulawa manya manya, ya zama gidan biki kenan kowa na magana ba mai saurare.

Kafin ki hau keke, shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa ki ɗauke su hoto da waya sai ki mayar da hoton baƙi da fari. Nan za ki sha mamaki, jan nan da koren nan da kike ganin sun bambanta duk toka iri ɗaya za su koma. To ki ware su kashi uku, masu haske, na tsakiya, masu duhu, ki tabbatar kowane kashi ya samu wuri a aikin. Sannan ki nemo yadi mara zane, fari ko baƙi ko shuɗin baba irin na Ƙofar Mata, ki dinga raba atamfofin da shi, kar ki ji ƙyashin ba shi fili don shi zai sa atamfar ta fito. Kalar da ta fi ɗaukar ido kuma kaɗan ake sa ta, wuri biyu ko uku ya isa.

Sai maganar layi, wanda mutane ke mantawa. Duk inda mai haske ya haɗu da mai duhu layi ya fito ko kin so ko baki so ba, kuma shi ido ke bi. Layin kwance yana kwantar da aiki, ki duba luru na kakanninmu, fari da shuɗi ne kawai a jere amma baya gundura. Na tsaye yana ƙara tsawo, na karkace shi ke kawo motsi sai dai yankan karkace yana miƙewa kamar roba wajen ɗinki, ki bi shi a hankali da guga, banda ja. Kuma ba dole sai layin ya miƙe kamar an sa rula ba. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, da tsofaffin wanduna da kayan aikin gona suke nasu, layukan a karkace, amma a 2002 aka baje aikinsu a gidajen adana zane na Houston da New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hoton aikin nasu. Ni dai nasu ya fi burge ni akan wanda aka auna komai tsaf.

TAMBAYA: Anti nawa kwilt ɗin da na wanke shi ja ya zuba a kan farin, kuma soson da ake sawa a tsakiyarsa ya dunƙule gefe guda. Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: Ayya sannu. Gaba ki fara jiƙa kowane ƙyalle daban, wanda ya zuba ki ta ɗauraye shi har ruwan ya washe, in ya ƙi ki ajiye shi gefe. Soso kuma ɗinki ne bai ishe shi ba, yadin sama da soso da shafin baya dole zare ya ratsa su duka, tazarar kamar faɗin tafin hannu, ki fara daga tsakiya ki yi waje.