An ce haihuwa kyauta ce, to kuɗin me na biya?

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Maiɗakina ta haihu a wani asibitin gwamnati nan Kano. An ce kyauta ne, amma sai da na sayi safar hannu, auduga da ruwan ƙari, washegari aka sallame ta saboda ana jiran gadon. Abokina ya ce in shiga inshorar lafiya, ni kuwa gani nake asarar kuɗi ce. Ya kika gani?
Wani tela, Kurna

Amsa: Malam, Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Kyautar tana nan, amma da zarar kayan da gwamnati ta kawo sun ƙare, aljihunka ne zai cike giɓin.

Ni dai ina bayan abokinka. Inshora kamar adashi ce, sai dai wanda ciwo ya kama shi ke kwasa. Dokar tarayya ta 2022 ma ta wajabta ta, kuma KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiharmu, tana karɓar masu sana'ar hannu irinka, ba ma'aikata kaɗai ba. Ka lissafa kuɗin tiyata ɗaya idan naƙuda ta gardama, ka kwatanta da kuɗin shekara. Amma kafin ka biya, tambaye su ƙarara: tiyata da ƙarin jini suna ciki? Wane asibiti za su tura ku? Gado kam, inshora ba ta ƙara shi.