Tambaya da Amsa: Daɓen Katako Tsakanin Hunturu da Damina

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mana daɓen katako a falo a watan Janairu. Da damina ta kankama sai gefen kowane falle ya ɗago, tsakiyarsa ta lotsa, kusa da bango kuma ya yi tozo. Kafinta ya ce a goge shi da inji ya daidaita. In yarda? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki dakatar da shi tukuna. Katako yana shan danshin iska, yana kuma fitar da shi; faɗinsa ne ke ƙaruwa ko raguwa, tsawonsa kusan ba ya motsi. An shimfiɗa naki a tsakiyar hunturu, lokacin da danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwan jikin katako ya koma wajen kashi 4 zuwa 5. A Agusta kuwa danshin kan kai kashi 80, katakon ya sha har kusan kashi 16. Ya kumbura, bai sami wurin zuwa ba, shi ne ya yi tozo. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar milimita 10 zuwa 15 tsakaninsa da bango ko'ina, a rufe ta da katakon gindin bango. In ba a bari ba, a rage fallen ƙarshe yanzu.

Ɗagowar gefe ita ce ta fi damun mu, domin yawanci alama ce ƙasan fallen ya fi samansa laima, wato simintin da ke ƙarƙashin daɓen ne ke tsattsafo da danshi. A cire falle biyu ko uku, a manna leda mai faɗin santimita 45 a kowane gefe a kan simintin, a liƙe bakinta da salatef, a bar ta awa 24. In raɓa ta taru a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, sai an ɗaga daɓen, siminti ya bushe, an sa abin tare danshi. In aka goge yanzu, gefen da aka cinye zai sake sauka da rani, tsakiya ta yi doro, kuɗin guga ya tafi a banza.

Tambaya: Na sayi na'urar auna danshin iska saboda daɓen katakona. A ina zan ajiye ta, nawa kuma ya kamata ta nuna? Daga wani magidanci a Abuja.

Amsa: Malam, fara gwada ta, don masu arha kan yi kuskure. Ka cika murfin kwalba da gishiri, ka ɗiga masa ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka rufe shi da na'urar a roba mai murfi awa 8. Ya kamata ta nuna 75. Bambancin da ka gani sai ka riƙa ƙarawa ko ragewa. Ajiye ta a kan tebur, nesa da taga, kicin da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Nemi kashi 40 zuwa 60. Da damina na'urar sanyaya ɗakin na rage danshi, da hunturu kuma sai injin ƙara danshi. Kwanon ruwa a lungu ba ya taɓuka komai a babban falo.

Tambaya: Za a iya wanke daɓen katako da ruwa kamar tayil?

Amsa: A'a. Tsumma a matse shi sosai, ruwan da ya zube kuma a goge nan take, kafin ya bi tsakanin fallayen.